Yadda za ka kula da lafiyayyar fatarka in an haɗa maka gashi da maganin haske na kansa

Duk wanda aka ce masa yana da kansa, wato ciwon daji, hankalinsa kan ƙarin yake komawa, ya ragu ne ko bai ragu ba, ya bazu ko bai bazu ba, kuma gaskiya ba laifinsa bane. Amma akwai wadda take shan wuya a gefe alhali ba ruwanta da ciwon, wato lafiyayyar fatar da ke kewaye da wurin, wani lokacin ma fatar jiki gaba ɗaya. Saboda ita nake wannan rubutun, musamman ga wanda aka ce za a yi masa gashi, wato rediyoterafi, sannan a yi masa maganin nan da haske ke tayarwa wanda likitoci ke kira PDT, ko kuma an riga an yi masa ɗaya ana shirin ɗayan. Ko kai ne mara lafiyan ko kai ne mai jinyarsa, dan Allah ka daure ka karanta har ƙarshe, don kowanne cikin biyun nan da dokarsa yake zuwa, kuma akwai wuraren da dokar wannan take cin karo da ta wancan, to a nan ne mutane suke ƙonewa ba tare da sun san sun yi kuskure ba.

Abu na farko, ka san me kowanne yake yi wa fata, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Gashi wuri ɗaya yake taɓawa, inda hasken na'urar ya shiga da inda ya fita ta ɗaya gefen, shi yasa wanda ake gasa wa ƙirji zai iya ganin bayansa ma ya canza. Abin da yake lalatawa shi ne DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayoyin halittar da suke saurin rabuwa, to kaga ƙwayoyin kansa haka suke, amma ƙwayoyin da ke can ƙasan fata masu haifar da sabuwar fata su ma haka suke. Fata tana sabunta kanta cikin kamar sati huɗu, ta sama tana zubewa ta ƙasa tana tasowa, in aka rage masu tasowar ba ranar za ka gani ba sai an kwana biyu. Galibi ana bada kusan Gray 2 a rana (Gray shi ne ma'aunin yawan gashin da ake yi), kwana biyar a sati, har sati biyar zuwa bakwai, satin farko za ka ce ai ba komai, sai a sati na biyu ko na uku wurin ya fara ja ko ya yi duhu yana ƙaiƙayi, gashin jikin da ya tsiro a wurin ya zube, ya bushe yana saɓa, wasu kuma in an yi nisa ya sale yana fidda ruwa, musamman inda fata ke gogar fata kamar hammata da ƙarƙashin nono da matsematsi da wuya. Kuma ga abin da yake ba mutane mamaki, ranar da aka gama gashin ba ranar abin zai tsaya ba, sau da yawa sati ɗaya zuwa biyu bayan gamawa ne yake kai maƙura kafin ya fara sauka.

Shi kuwa PDT wani lissafi ne daban. Abu uku ne sai sun haɗu, magani da haske da iskar oksijin. Ana baka maganin ya shiga jiki ya fi taruwa a ƙarin, shi kaɗai ba ya komai, sai an haska masa haske mai wani launi na musamman, yawanci ja, sannan ya juya oksijin ɗin da ke wurin ya koma wani nau'i mai cin duk abin da ke kusa da shi, ya fasa ƙwayoyin ya kuma toshe ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin. Hasken ba ya wuce zurfin kamar santimita ɗaya, shi yasa ake amfani da shi a fata ko a wuraren da za a iya zura siririyar waya mai haske kamar maƙoshi da hanyoyin iska na huhu. Matsalar ita ce maganin bai san bambancin hasken na'urar lesa da ake haskawa da ita a asibiti da hasken rana ba. In ta jijiya aka baka shi to yana nan a fatar fuskarka da hannunka da ƙafarka, duk inda haske mai ƙarfi ya sauka aikin da aka yi wa ƙarin shi zai fara yi wa lafiyayyar fata. Wani likita Bajamushe mai suna Friedrich Meyer-Betz ya gwada wannan a jikinsa fiye da shekara ɗari da suka wuce, ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na hematoporphyrin, rana ta taɓa shi fuska da hannu suka kumbura, kuma ya yi sama da wata biyu fatarsa ba ta jure haske. Daga dangin wannan sinadarin ne Thomas Dougherty da abokan aikinsa a cibiyar Roswell Park ta Amurka suka gina maganin zamani a shekarun 1970, har aka samu Photofrin wanda Kanada ta fara amincewa da shi a 1993, Amurka kuma a 1995.

To kaga bambancin kenan. Gashi wuri ƙarami ne amma a hankali yake zuwa kuma ya daɗe, PDT kuma in na allura ne duk jiki ne amma sai haske ya taɓa, kuma cikin mintuna yake iya yin ɓarna. Inda biyun suka haɗu a kan fata guda, nan ne ya fi kowane wuri rauni, don gashi ya riga ya rage mata masu gyara, ya kuma taɓa jijiyoyin jininta, sannan PDT ya zo da kumburinsa shi ma yana taɓa jijiyoyin. Ciwon da zai warke cikin kwanaki a fatar da ba a taɓa gasawa ba, a nan zai iya jan ƙafa sosai.

Ka tambayi sunan maganin, ka rubuta

Wannan kada ka ji nauyin tambayarsa. Ba duka PDT ne iri ɗaya ba kuma kwanakin kiyayewa sun sha bamban. In na shafawa ne, irin su ALA da Metvix da ake yi wa wasu cututtukan saman fata, wurin da aka shafa ne kawai yake jin haske, kuma kamar kwana biyu ne za ka rufe shi. In Foscan ne, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2001 don kansar kai da wuya, ana haskawa ne kwana huɗu bayan allura, kiyayewar kuma kwana 15 ce mataki-mataki, ranar farko a ɗaki mai labule da fitila mara ƙarfi, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, hannun da aka yi allurar ma ana so a kiyaye shi daga daɗewa a rana har wata shida. In kuma Photofrin ne, ana haskawa awa 40 zuwa 50 bayan allura, amma fatarka da idonka sai an kiyaye su aƙalla kwana 30, wasu har kwana 90 ko fiye, mai matsalar hanta ya fi daɗewa da shi a jiki. Kuma lissafin daga lokacin da allurar ta shiga yake farawa ba daga ranar haskawa ba, ma'ana ranar da za ka je karɓar allurar ka tafi da kayan rufe jikinka da tabarau tun daga gida, don hanyar dawowa ma tana cikin lissafi.

Sannan ka tabbata ɓangaren gashi sun san maganar PDT, masu PDT ma sun san maganar gashi, da ranakun da wurin da aka yi. Sau da yawa ba likita ɗaya bane, wani lokacin ba asibiti ɗaya ba ma. Ka samu takarda guda ka rubuta sunan maganin, ranar allura, ranar haskawa, ranar fara gashi da ranar gamawa, ka riƙa yawo da ita. Ko gashin da aka yi maka shekara goma da suka wuce ne ka faɗa, fata ba ta mantawa.

Tazara tsakanin biyun

Taura biyu ba ta taunuwa. Masu Photofrin da kansu sun rubuta a takardar maganin cewa in PDT aka fara a bari sati biyu zuwa huɗu kafin a fara gashi, in kuma gashi aka fara to kumburinsa yakan lafa cikin sati huɗu da gamawa sannan a yi PDT. Dalilin shi ne a bar kumburin na farko ya sauka kafin a ɗora na biyu. Akwai ma wani dalilin da ya shafi ciwon kansa, dukkansu biyun oksijin suke buƙata su yi aiki da kyau, wurin da jijiyoyinsa suka toshe kuwa oksijin ya yi masa ƙaranci. Na san mai kansa ba ya son jin kalmar jira, gani yake kowace rana ciwon ƙaruwa yake, kuma wannan tsoron gaskiya ne ban raina shi ba, amma tsarin jere da tazarar aikin likitocinka ne, naka aikin shi ne ka gaya musu gaskiyar halin da fatar take ciki. In ranar ta zo wurin yana nan yana ruwa ko yana zogi, ka buɗe ka nuna, kada ka ɓoye don gudun a ɗage maka.

Yanzu ga inda dokokin suke cin karo, kuma nan nake so a fi nutsuwa

Masu gashi za su ce maka ka kiyaye wurin daga rana, in ya warke ka riƙa shafa man kariya daga rana. Daidai ne. Amma man nan hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, aka yi shi ya tare, maganin PDT kuwa hasken da ido ke gani ne yake tayar da shi, don haka wanda ya shafa mai ya fita tsakar rana bayan allurar Photofrin yana ganin ya kare kansa, wallahi bai kare ba. Haka gilashin taga da na mota, hasken da kake gani ta cikinsu shi ne dai mai ɓarnar. Ranar da hadari ya rufe sama ma ba amana bace. Abin da ke karewa yadi ne mai matsattsiyar saƙa, ka ɗaga shi saitin fitila, in kana hango haske ta cikinsa to bai yi ba. Dogon hannu, dogon wando, safar hannu, safar ƙafa, hula mai faɗin baki da za ta rufe wuya da kunne, da baƙin tabarau mai duhu sosai, na Photofrin an ce wanda hasken da ke ratsa shi bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. In da hali ma a bar fita sai rana ta faɗi.

Sai kuma a ce wurin gashi yana son iska da kaya marasa matsewa masu laushi irin na auduga. Shi ma daidai ne, kuma ana iya haɗa su, matsattsiyar saƙa daban matsattsen ɗinki daban. Ka sa mai laushi a ciki yana taɓa wurin, mai kauri a sama ya sake. Shan iskar kuma a cikin ɗaki ne nesa da taga, ba wai a fita waje a buɗe wurin ba, mutane da yawa in an ce iska rana suke ji.

Wani kuskuren kuma ta ɗaya gefen yake zuwa, mutum ya tsorata ya kulle kansa a ɗaki mai duhu wata guda cur. Na Photofrin ba haka ake so ba, hasken ɗaki na yau da kullum mara ƙarfi yana taimakawa wajen karya ragowar maganin da ke fata sannu a hankali, wanda ya zauna a duhu ɗungurungum jinkirta wa kansa yake. Abin gudu shi ne haske mai ƙarfi kusa da jiki, ƙwan lantarki tsirara a gefen gado, fitilar karatu, fitilar likitan haƙori, fitilar ɗakin tiyata da ta duba mara lafiya. Kaga kenan in za ka shiga asibiti don shirin gashi ko wani gwaji a cikin kwanakin nan, kai ne za ka fara magana kafin a kunna maka fitila a kai. Har ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin, jan haske yake fitarwa, in ya daɗe a yatsa ɗaya yana iya ƙona wurin, masu Foscan sun ce a riƙa canza masa wuri duk minti 10 zuwa 15. Ɗan hakin da ka raina kenan.

Kulawar kullum da wurin gashi

Wannan ba wuya gare shi ba, juriya yake so. Ka wanke wurin, kada ka ji ance kar ruwa ya taɓa, ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi mara ƙamshi, da tafin hannu ba da soso ba, ka dangwala tawul ya tsane kada ka goga. Alamomin da aka zana maka a jiki kada ka kankare su, da su ake saita na'ura. Man shafawa mara turare tun daga ranar farko, siriri ba lafta ba, ka tambayi masu gashin ko suna so a bar shafawa dab da shiga na'ura. Ban da turare a wurin, ban da reza, ban da filasta mai manne wa fata, ban da ruwan zafi ko ƙanƙara. In ƙaiƙayi ya dame ka kada ka sosa, akwai man sitiroid irin mometasone da likitoci ke rubutawa kuma yana rage abin, amma su za su rubuta kuma ba a sa shi a inda ya fashe. In ya sale yana ruwa akwai bandeji na musamman marasa mannewa, nas ce za ta zaɓa maka. Dan Allah duk wani haɗi da wani ya kawo maka yace yana warkar da ƙuna, kada ya taɓa wurin sai likita ya gani, man bilicin kuwa a ajiye shi gaba ɗaya. Mai shan sigari ya sani yana rage wa fatar oksijin ɗin da take nema ta warke, mai ciwon suga kuma ya ƙara sa ido.

Wurin da aka haska da PDT a fata shi ma zai yi ja ya kumbura, lokacin haskawar akwai raɗaɗi kamar ƙuna, ka faɗa in ya yi yawa don ana iya sanyaya wurin ko a ɗan dakata, bayan nan yakan yi ɓawo. Ka bar ɓawon ya faɗi da kansa. Wani alherin PDT shi ne ba ya cika lalata ƙashin bayan fata wato kolajin, shi yasa yakan warke ba tabo mai yawa, ana iya maimaita shi, ana ma iya yinsa a wurin da aka riga aka gasa har ba halin ƙara gashi, sai dai a irin wannan wurin a sa ran warkewar za ta ɗau lokaci.

Ga mai baƙar fata akwai ƙarin magana. Yawancin takardun asibiti ja suke cewa a duba, mu kuwa jan ba lallai ya fito ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka ko ya yi sheƙi. Ka dogara da abin da hannu da jiki suke gaya maka, ɗumi, tauri, kumburi, ƙaiƙayi, zogi, ka kwatanta da ɗaya gefen jikin. Ɗaukar hoto duk bayan kwana biyu yana taimakawa sosai wajen nuna wa likita, a kashe filashin kyamara kawai. Kuma kada wani yace maka ai baƙar fata rana ba ta yi mata komai, dokar PDT ba ta ware kowa ba. Duhun da wurin ya yi yakan ɗau watanni kafin ya washe.

Ka kai musu duk magungunan da kake sha su gani. Akwai waɗanda su ma suke sa fata jin haske, irin su doxycycline da danginsa, ciprofloxacin da danginsa, magungunan salfa, griseofulvin, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da wasu na suga. Ba cewa na yi ka daina sha da kanka ba, a'a, ka nuna a yanke shawara. Wasu magungunan kemo kuma, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa irin doxorubicin, suna iya tayar da kumburi a tsohon wurin gashi ko da ya daɗe da warkewa.

Gwajin komawa rana

In kwana 30 na Photofrin sun cika ba fita kawai ake yi ba, gwadawa ake yi. Ka samu jakar takarda ka huda ƙaramin rami kamar santimita biyar, ka zura hannu ta yadda bayan hannun ne kawai zai leƙo ta ramin, ka sa a rana minti 10, sannan ka jira awa 24. In ba ja ko duhu, ba kumburi, ba bororo, sai ka fara komawa harkokinka kaɗan-kaɗan kana lura. In wani abu ya fito ka ci gaba da rufewa sati biyu ka sake gwadawa. Na Foscan daga rana ta 15 ne kuma minti 5 ne. Kada a gwada da fuska, kuma ni dai shawarata kada a kuskura a gwada da fatar da aka gasa ko kusa da ita. In ka yi tafiya zuwa inda rana ta fi ƙarfi ka sake gwajin. Kuma ko hannu ya ci jarrabawa, wannan bai wanke wurin gashi ba, shi nasa lissafin daban, a rufe shi daga rana aƙalla shekara guda, da yawa ma cewa suke har abada, a nan ne man kariyar daga rana mai lambar ƙarfi (SPF) 30 ko sama yake da amfaninsa bayan fatar ta haɗe.

Kada ka jira ranar ganin likita in ka ga bororo, ko fuska da ido sun kumbura bayan haske ya taɓa ka, ko wurin yana fidda mugunya yana wari, ko kumburin yana faɗaɗa yana zafi, ko zazzaɓi ya zo musamman in kana kan kemo, ko jini yana fita, ko wani yanki ya yi baƙi ƙirin kamar ya mutu, ko zogin ya hana ka barci. In kuma maƙoshi ko huhu aka haska sai numfashi ko haɗiya ya yi wuya, wannan na gaggawa ne a tafi nan take.

Bayan watanni ko shekaru wurin da aka gasa zai iya yin tauri, ya bushe don gumi da maiƙonsa sun ragu, fatar ta yi siririya, ƙananan jijiyoyi su fito a kai, launinsa ya canza. Ka ci gaba da shafa masa mai, in taurin yana hana motsi a nemi masu motsa gaɓoɓi tun da wuri, kuma duk wani ƙurji ko gyambo da ya fito a wurin ya wuce sati uku zuwa huɗu bai warke ba, a kai shi a duba, kada a tsaya ana ta canza man shafawa.